Ƙara ɗaure kusoshin tof a injin da ya ci hanya: yaushe ake yi, yaushe ake bari

Duk shekara da zarar zafi ya kankama, daga watan Mayu zuwa Satumba, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin 'yan'uwanmu masu tsofaffin motoci a Makka da Jidda da Madina: mota ta haura kilomita 300,000, ruwan lagireto yana raguwa kaɗan-kaɗan, wani mu'allim, wato makaniki, a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya ce a ƙara ɗaure kusoshin tof, wato kan injin da ke rufe saman silinda, shin a yarda? Masu Camry da Corolla sun fi kowa yin ta, sai masu Hilux da Hiace na ɗaukar kaya, sai masu tsohuwar GMC ko Ford.

A mafi yawan motocin da ke kan titi yau amsar ita ce a'a. Kusar tof ba ta kwancewa don mota ta tsufa. Idan gasket, faifan da ke toshe tsakanin tof da bulok, wato jikin injin, ya fara yoyo, kusan kullum zafi ne ya lanƙwasa tof ko ya ƙona gasket ɗin, kuma sifana ba ta miƙar da abin da ya lanƙwashe. Akwai 'yan injina na da da ake ƙara wa ɗauri, su ma sau ɗaya ne bayan an saka sabon gasket. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

Tunda da Larabci za ka sayi kaya, riƙe sunayen nan: tof shi ne ras, gasket ɗinsa wajh ar-ras, kusoshin masamir ar-ras, wurin da ake goge tof kuma makhrata.

Kayan aiki

Sifanar awo, wadda a shagon kayan aiki ake ce wa miftah azm, mai kai wa daga 20 zuwa 200 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Doguwar sifanar kwancewa daban, don ba a kwance kusa da sifanar awo. Soket ɗin da ya dace da kan kusar: Corolla da Camry na shekarun 2000 suna son soket na musamman mai baki 12, kuma idan ka matsa masa wanda bai zauna daidai ba kan kusar zai cinye a cikin rami. Sai alƙalamin fenti fari, gejin kwamfireshan, famfon gwajin lagireto, ruwan gwajin hayaƙi mai launin shuɗi, filageji na auna ƙaramar rata, miƙaƙƙen ƙarfen awo, da iskar kwamfiresa. A ƙarshe littafin gyaran injin naka, ko aƙalla shafin da ke nuna awon ɗauri da jerin kusoshi. Wanda ya ce maka hannunsa ya san awo, ka gode masa ka kai motarka gaba.

Mataki na 1: Nemo inda ruwan ke tafiya

Yawancin motocin da ake kawowa da zargin gasket, matsalarsu tana waje kuma gyaranta bai kai kuɗin cefanen mako ba. Ka bar mota ta kwana, da safe kafin a tashe ta ka buɗe murfin lagireto ka duba ruwa, ka duba na girba, wato tulun roba da ke gefe. Bi tiyo na sama da na ƙasa da hannu, ka duba bakin kowane kilif. Ruwan lagireto idan ya bushe yana barin farin gari ko ja-ja kamar gishiri, ko da ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. A zafin nan ɗigon yakan ƙafe kafin ya kai ƙasa.

Wuraren da suka fi yaudara: haɗin roba da alminiyam a saman lagireto, ƙaramar hudar da ke ƙarƙashin famfon ruwa, tiyon hita a bayan injin, da murfin lagireto kansa. Murfi yana riƙe matsi ne, galibi 0.9 ko 1.1 bar a motocin Japan, kuma an rubuta a samansa. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa da wuri ya tura girba ya zube, mai mota ya ɗauka gasket ne. Masu Crown Victoria da Grand Marquis na 1996 zuwa 2001 su duba manifol ɗin roba a gaba, wajen tamostat, domin an san shi da tsagewa a nan.

Saka famfon gwaji a bakin lagireto, ka hura zuwa awon da ke kan murfin, ka jira minti 15. Allura ta tsaya cak, babu yoyo mai girma. Ta sauka kuma ba ka ga ruwa a waje ba, to ciki yake tafiya.

Hattara: kada ka wuce awon murfi. Tsohon lagireton roba da ya sha zafin shekara goma yana iya fashewa a hannunka. Kuma ba a buɗe murfi injin na da zafi, ko da tsumma.

Mataki na 2: Tabbatar gasket ne

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Nemi biyu ko uku da suka yi daidai da juna.

Fara da mafi sauƙi. Injin na da sanyi, murfi a rufe, a tashe shi, kai kuma hannunka na kan tiyon sama. Idan cikin minti ɗaya ko biyu ya yi tauri kamar taya alhali ruwa bai ko yi ɗumi ba, hayaƙin silinda ne ke shiga hanyar ruwa. Da murfi a buɗe kuma za ka ga kumfa tana tasowa ba yankewa.

Sai ruwan gwajin hayaƙi. A rage ruwan lagireto kaɗan don kada ya taɓa kwalbar, a ɗora ta a baki, injin na aiki, a riƙa zuƙo iskar da ke saman ruwa. Shuɗi ya koma rawaya a injin fetur, ko kore a na dizal, an kama ɓarawo. Idan ruwan lagireto ya fantsama cikin kwalbar, gwajin ya ɓaci, a zubar a sake.

Na uku kwamfireshan. Injin da ɗumi, a cire fulogi duka, a zare fiyus ɗin mai, a taka totur har ƙasa, a buga sitata sau biyar ko shida a kowace silinda da batir mai ƙarfi. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da 11 zuwa 14 bar. A injinan Toyota da yawa ƙasa da 10 bar ya gaza, kuma bambanci tsakanin silinda da 'yar'uwarta bai kamata ya wuce bar 1 ba. Silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Guda ɗaya ce ta faɗi, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake gwadawa: awo ya tashi, ringi ne, bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Tun da fulogi na hannunka, jera su a kan kwali. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran sun yi launin ƙasa, tururin ruwa ne ya wanke shi.

Abubuwa uku suna kama da gasket amma ba shi ba ne. Farin kitse a ƙarƙashin murfin mai kaɗai, a motar da ba ta yin doguwar tafiya, musamman a laimar Jidda, yawanci raɓa ce. Sai ka ga mai ya koma kamar shayi da madara a jikin geji sannan za a yi maganar ruwa. Na biyu, a mota mai giyar atomatik, bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto yakan fashe, ruwa ya gauraya da jan mai, a nan lagireto za a canja a wanke giya. Na uku ya shafi tsohuwar Hilux mai injin 22R: idan robar da ke riƙe sarƙar tayimin ta karye, sarƙar tana cin murfin gaba har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gangara cikin mai. An sha sauke tof a banza saboda wannan. Ɗaga murfin bawul ka haska fitila ka duba gefen sarƙar tukuna.

Mataki na 3: Gane irin kusar da ke injinka

Nan ne amsar tambayar take. Buɗe littafi ka duba yadda aka rubuta awon ɗauri.

Idan lamba ɗaya ce kawai, kusar talaka ce, wadda ke komawa tsawonta idan an kwance. Misali 22R na tsohuwar Hilux: kusoshi 10, awo 78 Nm, shi ke nan. Irin waɗannan injinan sukan zo da gasket mai laushi da ke lotsawa kaɗan bayan ya sha zafi ya huce sau da yawa, shi ya sa ake komawa a ƙara ɗauri.

Idan kuwa ka ga lamba sannan aka ce a ƙara juyi na digiri kaza, kusa ce mai miƙewa. An ƙera ta ne ta miƙe kamar roba har ta kai iyakarta, ta riƙe tof da wannan jan. Corolla mai 1ZZ: 49 Nm sannan digiri 90. Hilux da Hiace masu injin 2.7: 39 Nm, digiri 90, a sake digiri 90. Land Cruiser mai 1FZ mai silinda 6 shi ma haka, da kusoshi 14. Camry 2.4, GMC da Chevrolet masu 5.3, Ford mai 4.6, duk wannan gidan ne. Kusar da ta riga ta kai iyaka, ƙarin juyi ba ya ƙara mata riƙo. Siraranta take yi a tsakiya har ta tsinke, ko ta tumɓuke tiredin da ke cikin bulok. Gasket ɗinsu ma na faifan ƙarfe ne hawa-hawa a yawancinsu, ba ya lotsawa.

Ga kuma abin da mai ba da shawarar ba ya faɗa: a Camry da Corolla kusoshin suna ƙarƙashin kamshaf. Kafin soket ya kai kansu sai an saki sarƙar tayimin an ɗaga kamshaf biyu. Wanda ya yi wannan wahalar ya ci rabin aikin canja gasket, ya kuma mayar da tsohon gasket a wurinsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Saboda haka, kusa mai digiri: tsallake zuwa mataki na 5. Kusar talaka da aka saka wa sabon gasket kwanan nan: mataki na 4. Kusar talaka a injin da ba a taɓa buɗewa ba kuma ba ya shan ruwa: ka bar shi ya kwana lafiya. Gasket ɗin da ya shekara ashirin a manne ya zama ɗaya da ƙarfen, kana sassauta kusa kana iya buɗe masa hanyar da babu ita a da.

Mataki na 4: Yadda ake ƙara ɗaurin, ga injin da ya halatta

Lokacinsa bayan kamar kilomita 800 zuwa 1,000 da saka sabon gasket mai laushi, ko yadda takardar da ta zo cikin kwalin gasket ta ce. Wasu sababbin gasket ɗin an rubuta ba sa buƙata. Idan haka ne, bi takardar.

Tof ɗin alminiyam sai injin ya huce sarai. A nan ƙasar hakan na nufin ya kwana, a yi aikin bayan sallar asuba, ba a ajiye mota awa biyu a rana tsaka a ce ta huce ba. Alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi, don haka awon da aka ɗauka da zafi ƙarya ne.

Buɗe murfin lagireto don matsi ya fita, ka zubar da lita biyu ko uku cikin roba mai tsafta, yadda ruwan zai sauka ƙasa da layin gasket. Cire murfin bawul. Ɗiga fenti a kan kowace kusa ta gefen gaba, ka san inda take kafin ka taɓa ta.

Fara daga kusar tsakiya, ka riƙa fita waje kana tsallakawa hagu da dama kamar yadda hoton littafi ya nuna. Kusa ɗaya-ɗaya: ka sassauta ta kwatan juyi da doguwar sifana, nan take ka ɗauki ta awo ka mayar da ita da ja guda mai santsi har ta yi ƙas. Ƙas ɗaya. Masu ƙara na biyu da na uku "don tabbatarwa" suna wuce awo ne. Dalilin sassautawar shi ne kusar da ta zauna tana maƙalewa. Idan ka ɗora sifanar awo kai tsaye za ta yi ƙas kusar ba ta motsa ba, ka ɗauka ta cika alhali tsatsa ce ta riƙe. Idan ka gama, yawancin alamun fentin za su ɗan wuce inda suke da farko. Wannan shi ne lotsawar da ka cike.

Hattara: kada ka sassauta biyu a lokaci ɗaya, balle duka. Sannan ka duba ma'aunin da ke jikin sifanar, domin yawancinsu layi biyu ne. 78 Nm daidai yake da 58 a layin ft-lb. Wanda ya saita 78 a layin da ba shi ba ya ɗaure da kusan 106 Nm.

A 22R kusoshin tof su ne kuma ke riƙe da roka, don haka dole a sake saita bawul: 0.20 mm na shiga, 0.30 mm na fita, injin da zafi. Mayar da ruwa, tashe shi ya ɗumama, sannan ka saita.

Idan dama yoyo ne ya sa ka yi, kuma bayan kwana biyu ruwa ya ci gaba da raguwa, kada ka koma zagaye na biyu. Gasket ya tafi.

Mataki na 5: Masu Camry 2.4, ku tsaya nan

Injin 2AZ na wajen 2002 zuwa 2006 yana da sanannen rauni. Bulok ɗinsa alminiyam ne, kuma tiredin kusoshi uku na tsakiya a layin baya, ta gefen manifol ɗin iska, yakan tumɓuke, galibi bayan mota ta taɓa tafasa. Alamarsa ruwa yana tsattsafowa a bayan injin, soson da ke ƙarƙashin manifol ya jiƙe. Idan aka ɗora soket, kusar tana juyawa salalan ba ta kamawa, ko ta fito da zaren alminiyam a nannaɗe a jikinta.

Sabon gasket da sababbin kusoshi kaɗai ba za su yi komai ba. Sai an huda ramin an saka hannun ƙarfe mai tiredi a ciki, da ma'aunin da ke tsayar da huda a miƙe. Tunda an buɗe, a yi ramuka goman gaba ɗaya. Wanda ya gyara ukun da suka lalace kaɗai yakan ga na huɗu ya saki a lokacin ɗauri na ƙarshe, bayan an riga an matse sabon gasket. Tambayi warsha, wato garejin, tun kafin a kwance ko suna da kayan wannan aikin ko makhrata za a kai. Kada ka yarda a cusa kusa mai kauri a ramin da ƙarfi, ko a cika shi da gam.

Mataki na 6: Sauke tof

Injin da sanyi, a cire kan batir, a zubar da ruwa har na bulok. Juya injin silinda ta ɗaya ta zo sama, alamun tayimin su haɗu, ka ɗauki hoto da waya kafin a taɓa sarƙa ko bel. Kowane soket na wuta da tiyon iska a liƙa masa tef a rubuta.

Kwance kusoshi kishiyar ɗauri ne: daga waje zuwa tsakiya, a zagaye biyu ko uku, kaɗan-kaɗan. Wanda ya zare su ɗaya bayan ɗaya da bindigar iska yana iya lanƙwasa tof ɗin da ya zo a miƙe. Huda kwali ka soke kowace kusa a gurbinta.

Tof ya ƙi ɗagawa, akwai kusar da aka manta. A 22R wata ƙarama ce a gaba, ƙarƙashin gurbin sarƙa, mai yakan rufe ta ba a gani. Ba a cusa sukundireba tsakanin tof da bulok. Kuma kada a jefar da tsohon gasket sai ka duba shi: inda ya ƙone ko ya yi baƙi shi ke gaya maka inda za a fi awo.

Mataki na 7: Awo da makhrata

Kankare ragowar gasket da abin kankara na roba ko reza a kwance. Faifan gurza da ake ɗaurawa a injin huda yana cin alminiyam ya bar kwari, yashinsa kuma ya gangara ramukan mai ya je ya cinye metal, wato faifan da ƙarafan ƙasan injin ke juyawa a kai.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof ta tsawo, ta faɗi, da kusurwa zuwa kusurwa, kana gwada filageji a ƙarƙashi. Iyakar da aka yarda da ita ƙanƙanuwa ce, daga 0.05 mm a injina irin na Corolla zuwa 0.15 mm a 22R. Kaurin gashin kai ke nan ko ninkinsa, ido ba ya gani. A auna bulok ma, musamman na alminiyam.

A makhrata abu uku za ka nema. Gwajin matsi don a ga ko tof ya tsage, domin tsagaggen tof ko an goge shi ya yi ƙyalli kamar madubi zai ci gaba da shan ruwa. Sai gugar da ba ta wuce buƙata ba, a kuma gaya maka nawa aka cire. Tof da aka goge sau biyu ko uku yana ƙara matsin silinda, injin ya fara ƙwanƙwasa a kan fetur 91 musamman a hawan Hada da ke hanyar Ɗa'if, tayimin kuma ya ɗan goce. Fuskar ta fito sumul idan gasket na ƙarfe za a saka. Idan farcenka na maƙalewa a layukan guga, ba ta yi ba. Na uku, a canja robobin bawul a wasa bawul ɗin. Motar da ke fitar da shuɗin hayaƙi da safe ya ɗauke bayan minti ɗaya, waɗannan robobin ne, kuma ba lokacin da suka fi arahar canjawa kamar yanzu da tof ke ƙasa.

Mataki na 8: Ramuka, gasket, ɗauri

Ramukan kusoshi su ne inda aikin gaggawa ke lalacewa. Lokacin ɗaga tof ruwa da mai suna zuba a ciki. Idan ka ɗaura kusa a kan ruwa, ruwa ba ya matsuwa: ko dai sifana ta yi ƙas da wuri tof bai matsu ba, ko bulok ya tsage. Hura kowane rami da iska, tsumma a baki, har ya bushe. Ɗauki tsohuwar kusa ka yanka mata layi biyu a tsaye, ka riƙa shigar da ita kana fitarwa tana kwaso datti. Sabuwar kusa ta shiga da yatsu har ƙasa ba tare da sifana ba.

Kusoshi masu digiri a sayi sababbi. GM da Ford sun ce sau ɗaya ake amfani da nasu. Littafin Toyota ya yarda a mayar da tsohuwa idan an auna ta ba ta wuce iyaka ba, amma a injin da ya yi kilomita 300,000 ya kuma tafasa, kuɗin kusa goma bai kai a yi caca da shi ba. Gasket ma na wakala, wato dillalin kamfanin motar, ko na kamfanin da aka sani. Kayan tijari, wato na kasuwa mai araha, ya yi a murfin bawul, inda in ya yi yoyo minti talatin ne a canja, ban da nan.

Gasket yana da sama da ƙasa, gaba da baya. Duba rubutun jikinsa, ka tabbata duk hudojin mai da ruwa sun hau daidai, 'yan sandunan saiti biyu suna gurbinsu. A bushe ake saka shi. Silikon sai ɗigo a wuraren da littafi ya nuna, galibi inda murfin tayimin ya haɗu da bulok.

A injinan Toyota ana shafa ɗan baƙin mai a tiredi da ƙarƙashin kan kusa, shafawa kawai, ba tsomawa ba. Kusoshin da suka zo da nasu shafin daga kamfani a bar su yadda suke. A ɗaure daga tsakiya zuwa waje, a kai awon farko a zagaye biyu ko uku. Sannan a ɗiga fenti a gaban kowace kusa a juya digiri 90, wato kwatan juyi, a bi jeri har ƙarshe. Inda ake juyi biyu, idan an gama duk alamun za su kalli baya. Amfanin fentin ke nan: aka kira ka a waya ko aka tayar da salla a tsakiyar aiki, kana dawowa ka san wadda ka yi da wadda ba ka yi ba. Kusar da ta yi laushi farat ɗaya a tsakiyar juyi, tsaya: ko tana tsinkewa ko tiredi ya saki.

Bayan an haɗa tayimin, juya injin da hannu zagaye biyu, alamun su dawo daidai, kafin a taɓa makulli.

Mataki na 9: Kashe abin da ya ƙona gasket ɗin

Gasket bai ƙone haka kawai ba. Idan ba a gano dalilin tafasar ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, kuma hawan Ɗa'if na farko ko doguwar hanyar Madina da esi a kunne zai mayar da kai sana'iyya.

Sabon murfin lagireto, sabon tamostat, famfon ruwa idan ya daɗe. Lagireton da ya toshe a canja shi. A wanke ƙurar da ta cushe tsakaninsa da kwandensan esi, wadda ba a gani sai an raba su. A tabbata fankar lantarki na tashi, ko kulocin fanka yana kamawa a Hilux da Land Cruiser da GMC. Al'adar cire tamostat wai don ƙasar zafi ce kuskure ne: na Toyota yana buɗewa a wajen digiri 82, kuma a injina da yawa shi ke toshe gajeriyar hanya ya tilasta wa ruwa bi ta lagireto. Babu shi, wani ruwan zai riƙa zagaye cikin injin bai huce ba, da safe kuma injin ya daɗe bai ɗumama ba yana shan mai.

Ruwa kuwa na lagireto na gaskiya, wanda aka riga aka haɗa rabi da rabi, ko a haɗa da ma muƙaɗɗar, wato tataccen ruwa marar gishiri. Ruwan famfo da na wayit, wato tankar ruwa, suna barin gishiri da tsatsa, suna cin alminiyam a gefen gasket. Ba a gauraya ja da kore. Maganin toshe yoyo na gwangwani, da ƙwai da barkono da ake zubawa a hanya, ƙananan bututun lagireto suke fara toshewa.

Canja mai da filta kafin tashin farko. Cika ruwa a hankali, gaban mota a ɗan ɗage, hita a kunne idan tana aiki, a bar injin har fanka ta tashi sau biyu kumfa ta ƙare. Washegari da sanyi a sake dubawa a cika. Idan ruwa ya taɓa shiga mai, a sake canja man bayan kilomita 500 zuwa 1,000. Game da kaurin mai, tsohon 22R yana zaune lafiya da 20W-50, amma injin mai VVT-i ramukan mansa ƙanana ne; idan yana cin mai, hawa ɗaya za a ƙara, daga 5W-30 zuwa 10W-40 misali, a kuma duba bawul ɗin PCV mai fitar da tururin cikin injin, da ake kira balf at-tabkhir, wanda toshewarsa kaɗai ke sa injin cin mai da yoyo. Ƙura da zafi da tsayuwa cikin cunkoso da esi suna sa kilomita 5,000 ya zama tazarar da ta dace da tsohon injin.

Mataki na 10: Lissafin kuɗi

Farashi yana bambanta daga gari zuwa gari, amma a ƙiyasce, ga injin silinda 4: gwaje-gwajen mataki na 1 da na 2 ba su cika wuce riyal 100 zuwa 200 ba. Canja gasket gaba ɗaya, da kuɗin hannu da makhrata da gasket da kusoshi da mai da ruwa, yakan faɗa tsakanin riyal 1,500 zuwa 3,000. Gyaran tiredin Camry ƙari ne a kai. Injin V8 tof biyu ne, sai ka kusan ninka. Nemi farashi a warsha biyu ko uku, a rubuta maka abin da ke ciki, ka tambaya ko an haɗa da harajin kashi 15, ka kuma ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire.

Kafin ka biya, koma kan sakamakon kwamfireshan. Idan duk silindojin sun yi ƙasa kuma suka tashi da aka zuba mai, ko fitilar mai na ƙiftawa a silo idan injin ya yi zafi, ko ana jin bugu daga ƙasa, to ƙasan injin ma ya gaji. Sabon tof a kan gajiyayyen ringi yakan ƙara cin mai da hayaƙi, kuma hayaƙin zai tare ka a fahas, wato wurin gwajin lafiyar mota na hukuma. A nan zaɓi biyu ne: taudib cikakke, wato gyaran injin gaba ɗaya, ko injin tashlih, wato wanda aka ciro daga motar da aka wargaza. Idan tashlih ne, a ɗaga murfin bawul a gabanka ka ga ko ciki ya yi baƙin kwalta, a cire fulogi ka duba, a rubuta kwanakin garanti a jikin fatura, wato rasit, kuma su fara ƙirguwa daga ranar da aka ɗora injin. Injin 2AZ na tashlih a haska bayansa a nemi farin garin nan a ƙarƙashin manifol tun yana ƙasa, kafin a ɗora shi a mota.